Rumfar Kwale-kwale da Yatsun Baba Lamidi

Wanda ya tarbe mu a filin jirgin Santambul ko sallamarmu bai amsa ba, hannu kawai ya miƙo ya ce fasfo. Muka ba shi, don wanda ya haɗa mana tafiyar a Kano, wani mai zuwa saro yadi daga Kantin Kwari, ya ce mana haka ake yi, kai su za a yi a buga mana izinin aiki. Mutumin ya zura su a aljihun rigar sanyinsa, ya yi gaba, muka bi shi da jakunkunanmu.

Mu biyu ne. Ni Sabi'u, ɗan Kwaciri, da maigidana Baba Lamidi, wanda a rumfarsa ta Sabon Gari na koyi aikin kafinta tun ina miƙa masa ƙusa har na yi aure na haihu. Kakansa daga Ilori ya zo, amma shi a Fagge aka yanke masa cibi, kuma in ya tashi zagin mutum da Hausa sai Bakano ya tsaya ya ƙaru. Ya ba sittin baya. Ba shi da gona, ba shi da gidan haya, ba shi da ɗan da ya kama sana'a. Hannuwansa biyu su ne ke ciyar da matarsa Iya Sikira da jikokin da aka jibge musu. Da ƙofofin ƙarfe da kujerun waje suka kashe mana kasuwa, hannuwan nan ya ɗauko ya kawo ƙasar Turkiyya, wai akwai kamfanin kujeru da ke neman gwanaye.

Babu kamfani. Abin da muka tarar wani ɗaki ne a ƙarƙashin ƙasa, gadaje kan gadaje, cike da baƙaƙen fata masu jiran irin alkawarin da aka yi mana. Muna nan muna cin burodi da ruwan shayi aka miƙa mu ga wani ɗan kwangila da muka sa wa suna Mai Taba, don ban taɓa ganin bakinsa ba sigari ba. Ba ya jin Turanci, mu ba ma jin yarensa, sai ya yi magana a waya ita kuma ta juya mana da wata irin Hausa mai ban dariya. Ya nuna mana hoton wani gini na katako a bakin wani tafki. Wayar ta ce: ku gyara gidan jirgi, ku karɓi littafin tafiya.

"Sabi'u, me wannan aljanar take cewa?" in ji Baba.

"Cewa take in ba mu gyara ba, ba fasfo."

"To, ai katako ne. Katako bai taɓa kayar da ni ba."

Motar da muka shiga gabas ta nufa, ta yi ta tafiya har ƙafafuna suka kumbura. Garuruwa suka ƙare, itatuwa suka ƙare, sai duwatsu, daga nan duwatsun ma suka yi fari fat. Wata tsohuwa da ke kujerar gefenmu ta lura ba ma sauka sayen abinci in an tsaya, sai ta kwance ƙunshinta ta ba mu gurasa da cuku mai gishiri. Baba ya yi ta yi mata addu'a da Hausa, ita kuma tana ta gyaɗa kai kamar tana ji.

Tafkin yana can kusa da iyakar ƙasar, a saman tudu, ba gari kusa sai ƴan gidaje a warwatse. Rumfar kwale-kwalen tana tsaye a kan dirkoki, rabi a tudu rabi a ruwa. Rufinta ya rufta ta gefe guda, dirkokin sun ruɓe daidai inda ruwa ke lasar su, daɓen katakon kuwa in ka taka sai ka yi salati. A ciki akwai gawar wani tsohon kwale-kwale da tsuntsaye suka mayar gida. Mai Taba yana so ta zama wurin shan shayi na masu yawon buɗe ido kafin ciyawa ta tsiro. Daga baya muka gane dalilin da ya sa ya ɗauko mutane tun daga Kano: duk yankin babu wanda zai yarda ya taɓa wannan aiki a wannan lokaci na shekara. A can muka tarar da shi, ya sauke mana katako da kwanon rufi da kayan aiki, ya nuna mana wata bukka can saman tudu mai murhun ƙarfe, ya ajiye buhun fulawa da na dankali, ya tayar da motarsa.

Maƙwabcinmu ɗaya ne, wani dattijo masunci mai suna Yusuf, muna ce masa Malam Yusufu. Yana da doki da wani irin keke marar taya da ke sulɓi a kan ƙanƙara. Ranar da ya fara ganinmu bai dubi fuskarmu ba, takalmanmu ya duba, ya girgiza kai ya tafi. Can sai ga shi da safar ƙafa ta gashin tumaki da matarsa ta saƙa, da safar hannu, da fulas na shayi. A wurinsa Baba ya koyi kalma ɗaya tak ta yarensu, wato "iyi", ma'ana lafiya lau. Ya riƙe ta gam. Ko me aka tambaye shi, iyi.

Muna fara aiki tafkin ya daskare. Da farko na tsorata, amma ashe taimako ne, don a kan ƙanƙarar muka riƙa tsayawa muna tallafe ginin muna cire ruɓaɓɓun dirkoki ɗaya bayan ɗaya muna kafa sababbi. Baba ya zagaya ginin yana ƙwanƙwasa katakan, ya ce wanda ya yi wannan aiki tun asali mutumin kirki ne, bai yi ha'inci ba, ruwa ne kawai ya fi ƙarfinsa. Daga nan ya ɗauki gyaran kamar na gidan ubansa. Ni dai fasfo nake so, shi kuwa har sassaƙar jikin taga sai da ya kwaikwaya.

Sanyin wurin ba abin da zan iya kwatanta wa mutumin Kano ba ne, na gwada na gaji. Mu kafintoci mun saba cika baki da ƙusoshi muna zara ɗaya-ɗaya. Ranar farko da na yi haka ƙusa ta manne a leɓena, da na fizge ta sai da ta tafi da fata. Iska tana tasowa daga kan tafkin ba abin da ke tare ta, ta shiga ta wuyan riga ta fita ta ƙafar wando. Hawaye ya zubo maka ya daskare a gashin ido. Ga shiru. Ni da na tashi cikin ƙarar janareto da hon ɗin Adaidaita da rediyon maƙwabcinmu mai sayar da kayan gyaran mota, wanda kullum muke faɗa da shi kan ya rage murya, sai ga ni ina kewar rediyon nan har ƙirjina yana ciwo. Baba kuwa ba ya cewa yana kewa. Sai dai in muna cin dankali ya ajiye cokali ya ce, "Yanzu haka Iya Sikira ta sauke amala," ya ɗauki cokalin ya ci gaba.

Abu biyu muka yi ta rigima a kai. Na farko safar hannu. Baba ya ce shi ba zai riƙe ƙusa da hannun da ba ya jin ƙusa ba, sai ya cire ya cusa a aljihu. Na biyu alwala. Ranar can gajera ce, kana idar da azahar la'asar ta kawo kai, in kuma ka ce za ka hau tudu ka ɗora ruwa a murhu ka dawo, hasken ranar ya tafi. Ni sai in riƙe alwalata tun ta safe, in ta karye in yi taimama a kan wani dutse da na ajiye a cikin rumfar. Baba kuwa guduma yake ɗauka ya fasa ƙanƙarar da ke bakin ƙofar da kwale-kwale ke fita, ya tsuguna.

"Baba, addini ya yi sauƙi. In ruwa zai cutar da kai an yarda ka yi taimama."

"Kai ne za ka koya mini? Tafki guda a gabana, Sabi'u, in je gaban Allah in ce ban sami ruwa ba?"

"Ba cewa za ka yi ba ka samu ba. Cewa za ka yi zai kashe ka."

"Ya kashe ni mana. Miƙo mini zarto."

Malam Yusufu ya taɓa kama shi yana yi, ya yi ta faɗa da yarensu yana nuna sama yana nuna ruwan, shi ma fa Musulmi ne mai salla. Daga ranar kullum sai ya aiko ko ya kawo fulas na ruwan zafi. Amma fulas ɗaya ne, mu biyu ne, kuma Baba ya fi son a yi shayi da shi.

Ranar da abin ya faru rufi muke yi. Mun ɗora kwanon gefe ɗaya ba mu gama bugawa ba, sai sama ta yi baƙi ta arewa, iska ta fara ɗaga kwanon tana mayarwa. In muka bar shi haka, duk abin da muka yi zai tashi. Baba ya yi alwalar la'asar a ramin nan nasa, ya yi salla a gurguje, ya goge hannu a wando ya hau tsani, safar tana aljihu. Muka yi ta bugu har muka kama kwanon duka. Da muka sauko na ga yatsunsa sun yi fari kamar kyandir. Ya ƙwanƙwasa su a jikin katako, suka yi ƙara.

"Ka gani? Yau ko zugi ba sa yi. Jiki ya fara sabawa."

Har cikin raina na ji daɗi, don ni a sanina ciwo in ya daina ciwo warkewa ya yi. Muka hau bukka ya kara su a jikin murhu, yadda kowa ke yi a gida in ya ji sanyi. Da suka fara narkewa sai na ga abin da ban taɓa gani ba, Baba Lamidi yana kuka da hawaye yana cizon hular kansa. Da gari ya waye duk sun yi bororo. Ya sa na zura masa safar ƙafa a kowane hannu, ya ce akwai tagogi da ba a toshe ba, dusar ƙanƙara za ta cika rumfar. Muka sauka. Ba a jima ba ya ce zugin ya sake tafiya.

A nan Malam Yusufu ya same mu, ya ɗaura wa dokinsa keke zai tafi gari. Ya nuna sama, ya nuna hanya, ya haɗa hannuwansa ya rufe, muka gane yana nufin hanya za ta toshe, in akwai mai bukatar wani abu ya faɗa yanzu. Sai idonsa ya kai kan safar da ke hannun Baba. Ya sauko, ya nuna, ya yi tambaya. Baba ya maza ya cusa hannuwan a hammata.

"Iyi, iyi. Alhamdulillahi."

Dattijon bai gamsu ba, ya juyo gare ni. Na ce, "Baba, tambaya yake ya hannun."

"Ka ce masa da sauƙi."

Na faɗa wa wayata, don ita ma tana juya magana ko ba sabis, waya ta faɗa masa. Ban san da wace kalma ta juya ba, amma na ga fuskarsa ta saki. Ya dafa kafaɗar Baba, ya hau kekensa, ya kaɗa doki.

Duk wanda ya tashi a Kano ya san "da sauƙi" ba labarin jiki ba ne. Ladabi ne, godiya ce ga Allah, kuma hanya ce ta kada ka ɗora wa mai gaishe ka nauyi. Mahaifiyata da safiyar ranar da ta rasu abin da ta ce wa masu dubiya ke nan. Mu a gida in mun ji, fuskar mutum muke kallo, mu ɗage mayafi mu duba da idonmu. Malam Yusufu bai san wannan ba. Shi a wurinsu in dattijo ya ce ya samu sauƙi, to ya samu. Baba kuma yana jin kunyar mutumin da ya ba mu safa, ya ba mu shayi, a ce kuma ya ɗauke shi a keke zuwa asibiti, ga shi ba takarda. Har yau in na tuna yadda dokin nan ya yi ta ƙanƙancewa a kan tafkin har ya ɓace, sai in ji haushin kalmar, in ji haushin wayar, in ji haushin Baba, in rasa wanda zan kama.

Kafin azahar dusar ƙanƙara ta sauko, kuma ba ta tsaya ba. Da ƙyar muka kai bukka. Kwanakin da suka biyo baya ban ƙirga su ba. Ƙofa sai na haƙa ta da shebur kafin ta buɗe. Bororon ya fashe, yatsun suka koma shuɗi, daga nan baƙi, suka fara motsewa daga sama. Sai wari. Ni nake ba shi abinci a baki, ni nake yi masa alwala da ruwan ɗumi, ni nake kwance masa mazagi in zai zaga. Wannan na ƙarshen ya fi yi masa ciwo fiye da hannun. Ya kan juya fuska bango ya ce, "Ka yafe mini, ɗan nan." Mutumin da ya taɓa jifana da guduma don na yanke katako ba daidai ba.

Da iska ta ɗan lafa na kutsa cikin ƙanƙara har ƙugu na hau ƙololuwar tudu, inda waya ke kamawa. Na kira Mai Taba na yi masa bayani. Ya saurara, sannan wayar ta juya mini amsarsa: rufin ya ƙare? Na zage shi da Hausa tsantsa, ban bari an fassara ba. Ina tsaye sai ga kiran Iya Sikira. Baba ya riga ya gargaɗe ni kada in faɗa mata.

"Sabi'u, ina babanku? Kwana biyu ban ji muryarsa ba."

"Yana ɗaki, Iya. Sanyi ne ya ɗan taɓa shi, amma da sauƙi."

Ina jin hayaniyar yara a bayanta, da mai tallan kalanzir.

"Ni za ka ce wa da sauƙi? Ni? Wane irin sauƙi, Sabi'u? Mene ne ya same shi?"

Na faɗa mata. Ba ta yi ihu ba. Cewa kawai ta yi, "Hannun?" Na ce hannun. Ta ce in dawo mata da shi ko yaya yake.

Malam Yusufu bai jira hanya ta buɗe ba, ta kan tafki ya zagayo da dokinsa, ya kawo mana burodi da sukari. Yana shiga bukkar warin ya tare shi. Bai tambayi kowa ba wannan karon, ya kama hannun Baba ya zare safar. Ya daɗe yana kallo. Sai ya fara dukan kansa da tafin hannu yana cewa, "Iyi? Iyi?" yana maimaitawa, hawaye na bin gemunsa. Baba ya sunkuyar da kai kamar yaron da aka kama.

Shi ya naɗe Baba a bargo ya ɗora a keke, shi ya tsaya mana a asibiti da aka nemi takarda, ya yi ta buga ƙirji yana nuna cewa baƙinsa ne. Likitar mace ce, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce da an kawo shi ranar da suka yi fari, wataƙila farce kawai zai rasa. Narkewar da suka yi suka sake daskarewa ita ta kashe su. A hannun dama babban yatsa ne kawai ya tsira da rabin manuni. A hagu biyu suka tafi.

Rumfar kuwa dole a gama ta, don fasfo yana aljihun Mai Taba. Baba yana kwance a gidan Malam Yusufu, matar gidan tana jinyarsa, ni da dattijon muka koma. Shi ba kafinta ba ne, amma yana riƙe mini katako, yana miƙo ƙusa. Muka shimfiɗa daɓe, muka kafa tagogi, muka rataya babbar ƙofar da ke buɗewa kan ruwa. Lokacin da na buga ƙusar ƙarshe ƙanƙarar tafkin ta fara tsagewa tana ƙara. Ginin ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Na tsaya na kalle shi na ji na tsane shi.

Mai Taba ya zo ya zagaya, ya buɗe taga ya rufe, ya ce akwai sauran fenti. Malam Yusufu ya sha gabansa da wasu maza biyu na ƙauyen. Ban ji abin da suka ce ba, amma na ga sigarin ya bar bakinsa, ya koma mota ya ɗauko fasfo ɗinmu. Ba a buga komai a ciki ba, izinin shigarmu ma ya daɗe da ƙarewa. A matsayin waɗanda suka wuce wa'adi aka sa mu a jirgi.

Yanzu ni nake riƙe da rumfar Sabon Gari. Aikin ba yawa, gyaran kujera ne, bencin makaranta, wani lokaci ƙofa. Baba yana zuwa kullum, Iya Sikira ta ce in ya zauna a gida ba ya magana da kowa. Yana zama a kan benci hannuwansa cikin babbar riga, in an miƙo masa hannu ya ba da wuyan hannu. Watanni bai ce uffan a kan aikina ba, ko na yi daidai ko na yi shirme, kuma wannan shirun ya fi zaginsa ciwo.

Ran nan na gama goge wata ƙofa da samfefa na jingine ta, na juya zan kira mai ita. Sai na ji motsi. Baba ne ya tashi ya tsaya a gabanta. Ya fito da hannun dama ya kai kusa da katakon, ya tsaya, ya mayar da shi cikin riga. Sannan ya cire hularsa da wuyan hannu, ya sunkuya, ya ɗora kumatunsa a jikin ƙofar. Ya rufe ido ya ja fuskarsa a hankali daga sama zuwa ƙasa, mutane suna wucewa suna kallo. Wajen tsakiya ya tsaya.

"Sabi'u."

"Na'am, Baba."

"Akwai tudu a nan. Wa ya koya maka wannan aikin banzan? Ɗauko samfefa ka sake."